Wata Biyu a Motar Hajiya Rukayya

Shekara tara Malam Hudu ya yi yana zama a kan bencin ƙofar shagona a Tudun Wada, har katakon ya yi santsi a gefen da ya saba. Ni tela ne, sunana Muktar, kuma ba ni da haƙuri da masu zaman ƙofar shago, don su ke tare wa mutum haske, su kuma sa mata masu kawo ɗinki su juya. Amma shi ban taɓa iya cewa ya tashi ba. Tare da babban wana suka taso, tun ina yaro Yaya nake ce masa.

Kafin zaman benci direba ne, kuma ba irin waɗanda suka koyi mota a filin ƙwallo ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jan babbar motar wani kamfanin matsar mai da ke bakin gari. Ya kwaso angurya da gyaɗa daga ƙauyukan Kumo da Dukku, ya kai mai Jos da Kano. A duk tsawon shekarun nan akuya ɗaya ya taɓa takawa, kuma in ya ba da labarin har yau sai ya ce akuyar ce ba ta da gaskiya. Mutum ne dogo, mai maganar ƙasa-ƙasa, wanda in mota ta wuce ta gaban shago zai gaya maka abin da ke damun injinta ba tare da ya ɗaga kai ba.

Ranar da aka rufe kamfanin, cewa aka yi gyaran inji za a yi, mako shida. Ya miƙa makulli, ya dawo gida yana cewa dama bayansa na neman hutu. Mako shida ya zama shekara, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin motocin, daga baya 'yan gwangwan suka zo suka yayyanka su. Ya je ya tsaya daga nesa ya ga yadda aka cire ƙofar tasa motar, ya dawo kan benci.

Kada wani ya ce bai nemi wani aiki ba, don a gabana aka yi. Babu tashar da bai taka ba a garin nan. Masu motoci su karɓe shi da fara'a, su ba shi kujera, su tuna masa wata tafiya da ya taɓa rage musu hanya, sannan su ce motar tana hannun ɗan ƙanwarsu. Wani ya ce ya tsufa, wani ya ce ya dawo bayan salla. Ya gwada Keke Napep kwana uku, ya mayar wa mai shi, ya ce shi bai san ta inda ake girmama wannan abu mai kama da akurkin kaji ba. Muka yi dariya, amma gaskiyar magana gwiwarsa ce ba ta shiga ciki. Lasin ɗinsa kuwa bai taɓa bari ya mutu ba. Yana nan a aljihun gaba cikin leda, ko yaushe a shirye.

Gidan kuma ya koma kan matarsa Fatimatu. Ƙosai take soyawa a zaure da safe, da rana ta yi awara. Shi ya sa ƙarfe bakwai ba ta yi masa a gida. Ya taɓa ce mini ba ya iya zama a ɗaki yana jin ƙarar kaskon da ke ciyar da shi. A cikin shekarun nan aka aurar da 'yarsu Najeeba, 'yan uwan Fatimatu suka yi komai, tun daga gado har cokali. Ranar ɗaurin aure ya sa babbar riga ya zauna ana yi masa barka, fuskarsa kamar ta baƙon da ya zo bikin wasu.

Wajen shekara ta shida na fara jin ƙorafi a unguwa, wai zaman banza ya sa Malam Hudu ya koyi girman kai. Abba Gana mai wankin hula, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya zo ta gefe ya miƙa masa hannu, Yaya Hudu bai karɓa ba, mutumin ya yi mako yana fushi. Ni ma da farko na ɗauka ɓacin rai ne. Sai wata rana na ajiye masa kofin shayi a hagunsa kan bencin, ban yi magana ba. Shayin ya huce, ƙuda ya faɗa ciki, shi kuwa yana tambayata ko mai shayi bai fito ba yau.

Na tsayar da keken ɗinki na ce, "Yaya, idonka lafiya kuwa?"

Ya murza idonsa. Sannan ya ce, "Gabana ina ganinsa tar. Gefen ne ya tafi. Kamar mutum yana leƙe ta cikin bututu."

"To ai sai asibiti."

"In na samu aiki zan je. Yanzu in aka gan ni a layin masu ciwon ido, kafin azahar duk tasha ta ji. Wa zai ba ni mota?" Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ya dube ni. "Maganar nan ta tsaya a bencin nan, Muktar."

Ta kuwa tsaya. Ya ci gaba da sa tozali da ɗiga zuma, ni kuma na koyi ajiye masa shayi a gabansa.

Hajiya Rukayya tsohuwar shugabar makarantar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, tana zaune a unguwar Federal Low-Cost da jikoki biyu. Ni ke yi musu ɗinki, kuma ban taɓa kai mata riga ba ta samo mata aibi ba. A shekara ɗaya direba huɗu ta yi, duk su suka gudu da ƙafarsu. Ba rowa gare ta ba, ba ta kuma wulaƙanta mutum. Matsalarta ita ce daga kujerar baya take tuƙi. Tun daga fita ƙofa bakinta ba ya hutawa: ga rami, ga keke ta hagu, ɗan acaɓa zai shigo maka ta dama, ga yarinya za ta tsallaka, rage, tsaya, yanzu tafi. Na ƙarshensu, wani matashi, a tsakiyar kasuwa ya kashe mota ya ce tun da ta iya ta dawo gaba.

Ranar da na kai mata kayan makarantar yara ta ce, "Muktar, duk Tudun Wada babu dattijo mai kunne, wanda ba ya tsaki?"

Sunan Yaya Hudu ya fito daga bakina kafin na yi shawara da kaina. Na san halin da idonsa ke ciki, na san akwai yara a gidan, na yi shiru. Na gaji da ganinsa a bencin nan yana tsufa ne. Wannan laifin nawa ne, ba na raba shi da kowa.

Ɗanta Abdulaziz, wanda ke aiki a Abuja, ya zo hutu, shi ya gwada shi. Suka zaga layukan unguwar inda babu cunkoso, ya sa shi ya yi ribas ya shiga gareji. Duk inda za a karya kwana Yaya Hudu sai ya juya wuyansa gaba ɗaya, hagu da dama. Abdulaziz ya ce wa mahaifiyarsa, "Wannan shi ne direban da, ko madubi bai yarda da shi ba." Aka ce ya fara Litinin, daga safe zuwa la'asar.

Na ɗinka masa farin yadi, ban bari ya yi maganar komai a kai ba. Ran Litinin ɗin Fatimatu ta aiko da ƙosai cike da kwano, ta ce a raba wa duk layin shaguna. Abba Gana ya wanke masa hula. Ya wuce ta gabanmu da sassafe yana tafiya a miƙe, ya ɗaga mana hannu kamar mai tafiya Makka, ya tari keke zuwa Low-Cost. Na zauna a bakin keken ɗinki na kasa sa zare a allura.

Yadda ya saba yi wa babbar mota haka ya riƙa yi wa 'yar motar Hajiya. Kullum sai ya buɗe gaba ya duba mai da ruwa, ya bi tayoyi huɗu yana ƙwanƙwasawa, ya tayar da inji ya tsaya yana saurare. Da safe a kai yara makaranta, kuma Hajiya ba ta taɓa bari a tafi da su ba ita, don ba ta yarda da kowa ba, ga shi tana son ta leƙa ta gyara wa malaman aikinsu. Daga nan kasuwa, ko asibiti, ko gidan suna. Tana baya tana aikinta.

"Keke ta hagu, Malam Hudu."

"To Hajiya, na gode."

"Ga mai baro zai fito ta dama."

"Allah Ya saka da alheri, Hajiya."

Ta kira ni a waya takanas ta ce na samo mata ɗan aljanna, tun da take ba ta taɓa ganin direban da ake yi wa gyara yana godiya ba. Shi kuma da la'asar ya biyo ta shago ya zauna, ya rage murya ya ce, "Muktar, Allah ne Ya haɗa mu. Ni na riƙe gaba, ita ta riƙe gefe. Mu biyu in ka haɗa, direba ɗaya ne cikakke." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarsa na manta, shi ya sa na taya shi.

Dabararsa ɗaya ce, bai taɓa fita da motar ba Hajiya a ciki ba. In ta aike shi kasuwa sayen kayan miya sai ya ce ai ɓarnar fetur ce, ya hau keke. Wannan ma ya ƙara masa daraja a wurinta. Haka aka yi wata biyu. Ya yi ƙiba kaɗan, ya koma cin abincin safe a gida, har an ce an gan shi yana hura wa Fatimatu wuta. Na tuna masa alkawarin asibiti sau biyu, ya ce bari dai ya ƙara zama daram.

Wata Alhamis da hantsi, bayan sun dawo daga kai yara, aka bugo wa Hajiya waya cewa ƙanenta Bamanga ya faɗi a gidansa a unguwar Bolari, rai ya yi halinsa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu suka rage. Aka ce ƙarfe goma sha ɗaya za a fita da shi, ta yi sauri in tana so ta same shi a ɗaki ta yi masa addu'a, don da zarar maza sun ɗauka shi ke nan, mata ba sa bi. Ta shiga mota, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta riƙe carbi.

Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Ya ce layukan Low-Cost ba su ba shi wahala ba. Da suka hau babban titi sai ya kasa kunne yana jiran muryar, bai ji komai ba sai ƙarar carbi da jan numfashi. Ya rage gudu. Ya ce, "Hajiya, yau hanyar da cunkoso," ko za ta ɗago.

Ta cikin mayafi ta ce, "Tafi kawai, Malam Hudu."

Suka iso shataletalen da ke kusa da kasuwa, inda keke da acaɓa da masu baro ke shigowa ta kowace kusurwa. Ya juya wuya hagu, ya juya dama, kafin ya dawo da kai abin da ya gani ya riga ya canza. Na baya suna ta danna masa ham. Ya yi bisimilla ya shiga. Sai ya ji wani abu ya daki madubin hagu, mace ta yi salati. Ɗan acaɓa ne ɗauke da wata mata da goyo a bayanta, suka yi tangal-tangal suka bayyana a gabansa kamar daga ƙasa suka tsiro. Allah Ya tsare ba su faɗi ba. Ɗan acaɓan ya waigo ya ce, "Baba, ba ka gani ne?" ya wuce. Yaya Hudu ya ce mini ƙafar jaririn ya gani tana lilo, da ɗan takalmin saƙa ja.

Ya lallaɓa ya fita daga shataletalen, ya gangara gefen titi, ya kashe mota. Ya fito ya zagayo ta tagarta ya durƙusa.

"Hajiya, ki yafe mini. Ba zan iya kai ki ba."

Ta sauke mayafin. "Motar ce?"

"Ni ne. Ba na ganin gefe. Duk tafiyar da muka yi, da bakinki na yi ta. Yau kin yi shiru."

Ta dube shi. "Tun yaushe?"

"Tun kafin na zo gidanki."

"Da jikokina a ciki?"

"Da su, Hajiya."

Ta miƙa hannu ya sa mata makullin, ta fito ta tsaya a bakin titi tana tsayar da keke, duk wanda ya zo a cike. Lokacin da ta isa Bolari an riga an fita da Bamanga. Tabarmar da aka kwantar da shi a kai kawai ta tarar ana naɗewa.

Shi kuma ya tsaya gadin motar har wani maƙwabcinta ya zo ya ɗauka, sannan ya tako da ƙafa har Tudun Wada cikin rana. Da na ga yadda ya shigo layin na san an gama. Ya ba ni labari a tsaye. Ya ce, "Zo ka raka ni gida. Ban san yadda zan gaya mata ba."

Muka tarar da Fatimatu tana tace waken awara a tsakar gida. Ya fara kame-kame, ya ce akwai abin da ya ɓoye mata shekara uku. Ba ta daina tacewa ba.

Ta ce, "Idon? Malam, wa kake tsammani yake kwashe maka buta da kujera daga hanya? Tun ranar da ka taka tiren ƙosai na sani."

"Kika bar ni na karɓi mota?"

"Na bar ka." Ta ajiye matacin, ta goge hannu a zani. "Kullum ka fita ba na iya sa komai a bakina sai na ji sallamarka. Na san ba daidai ba ne. Amma shekara tara ban ga haƙoranka ba, sai a wata biyun nan. Na kasa."

Ta shiga ɗaki ta ja labule. Na fito na bar shi tsaye a tsakar gida, don ni ma abin da zan faɗa ke nan da an tambaye ni.

Bayan addu'ar bakwai Hajiya ta aiko a kira ni. Na tafi ina jan ƙafa. Ta rame, muryarta ta dushe, amma ta wanke ni tas, ba ta rage komai ba. Ta ce na ci amanarta, na sa ran jikokinta a hannun Allah-Ya-kiyaye, kuma ta dalilina ba ta ga fuskar ɗan uwanta ba. Ban kare kaina ba, don babu ƙarya a ciki.

Da ta gama ta ce, "Kai ban yafe maka ba tukuna. Malam Hudu kuwa ya tsaya. Ya san in ya tsaya aikinsa ya tafi, ga Bolari saura kaɗan, ya tsaya." Ta ce mai gadinta zai koma ƙauye noma. In likita ya tabbatar Malam Hudu zai iya gane wanda ya tsaya a ƙofa, ya zo ya riƙe ƙofar. In ba zai iya ba, kada a sake yi mata ƙarya. Abdulaziz ya yi magana da wani asibitin ido, ni zan kai Yaya Hudu.

Ranar zuwa asibitin, tun daga hanya yake tambayata faɗin ƙofar gidan, da ko akwai inuwa a wurin zaman mai gadi, kamar bai yi wata biyu yana shiga ta nan ba. Mutumin da ya kai mai Jos da Kano. Na riƙa amsa masa ina kallon waje.

Likitar wata matashiya ce, ba ta kai Najeeba ba. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta sa shi ya leƙa cikin wata na'ura yana danna abu duk lokacin da ya ga haske. Na ga hasken yana walƙawa ta gefe sau da yawa, hannunsa bai motsa ba. Ta ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa safe da yamma. Ta ce da ya zo tun lokacin da ya fara lura, da an tsare mafi yawansa. Mota kuwa, ko a tsakar gida kada ya sake tayarwa.

Ya gyaɗa kai kamar ba da shi ake ba. Ya ce, "Likita, ƙofar gida fa? In mutum ya tsaya a gabana, zan gane shi?"

"A yanzu za ka gane shi, Baba."

"Har zuwa yaushe?"

Ta dube ni, ta dube shi. "In ka riƙe magani, shekara biyu, wataƙila uku. Allah ne masani."

Ya juyo da jikinsa gaba ɗaya yana nemana, har ya same ni a jikin bango.

"Ka ji ko, Muktar? Shekara biyu. Ka gaya wa Hajiya Litinin zan fara."

Murna ce a muryarsa, ta gaske.